Wanda Ya Tafi da Wadda Aka Bari: Yadda Muke Karanta Adabin Gudun Hijira da Ido Ɗaya

A wani zama na masu sha'awar karatu da muka yi kwanakin baya, hira ta gangaro kan Abdulrazak Gurnah, marubucin nan haifaffen tsibirin Zanzibar wanda ya lashe kyautar Nobel ta adabi a 2021. Da yake ya taɓa koyarwa a Jami'ar Bayero ta Kano a farkon shekarun 1980, mutanenmu sukan ambace shi da wani irin alfahari, kamar ana zancen ɗan'uwan da ya yi nisa kuma ya yi abin kirki a can. Wani matashi mai ƙwazo, wanda yake shirin rubuta kundin digirinsa na biyu, ya dunƙule mana ayyukan marubucin cikin magana ɗaya. Ya ce duk labarin ɗaya ne: Turawa sun zo sun raba mutane da gidajensu, da mutanen suka bi su ƙasashensu kuma suka mayar da su bare. Kusan kowa a wurin ya gyaɗa kai.

Na tambaye shi game da wata yarinya da ke cikin littafin marubucin mai suna *Afterlives*: "Ɗan'uwa, to Afiya fa? Wa ya karya mata hannu?" Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce ai wannan ƙaramin reshe ne, gangar jikin labarin tana wani wuri.

Amsar nan ta tsaya mini a rai har na dawo gida, domin ba daga bakinsa na fara jin irinta ba. Ra'ayina, tun kafin in yi nisa, shi ne muna karanta adabin gudun hijira da ido ɗaya. Idon yana bin namijin da ya hau jirgi, yana ƙirga wulaƙancin da ya sha a hannun jami'in shige-da-fice da mai gidan haya da maƙwabta, amma ba ya waiwayar macen da aka bari a baya, wadda sau da yawa ta riga shi ɗanɗana zaman bare, kuma a cikin gidan da aka ce nata ne. Manyan marubutan wannan fanni ba su ɓoye ta ba. Mu masu karatu muke tsallake shafukanta, saboda laifin da ke cikinsu na gida ne, na Bature kuwa ya fi sauƙin faɗa.

Dalilin wannan karatu a fili yake. Nazarin adabin bayan mulkin mallaka ya tashi ne a matsayin martani. A 1975 Chinua Achebe ya gabatar da wata lacca a Amurka inda ya nuna yadda Joseph Conrad, marubucin *Heart of Darkness*, ya zana 'yan Afirka kamar inuwoyi marasa harshe a bakin kogin Kwango. A 1978 Edward Said, Bafalasɗinen da ke koyarwa a Jami'ar Columbia a lokacin, ya fitar da *Orientalism*, ya bayyana yadda masanan Turai suka ƙera wa mutanen Gabas wata siffa ta waɗanda ba za su iya riƙe kansu ba, domin mulkarsu ta yi kama da taimako. Aiki ne da ya wajaba a lokacinsa, kuma har gobe ina ƙaruwa da shi. Sai dai ɗalibin da aka damƙa wa wannan ma'auni shi kaɗai, duk littafin da ya buɗe Bature zai nema a ciki, da zarar ya same shi kuma sai ya ga aikinsa ya ƙare.

Abin da ke cikin littattafan

Mu ɗauki *Afterlives* na Gurnah, wanda ya fito a 2020. Labarin yana gudana ne a gaɓar tekun ƙasar da ake kira Tanzaniya a yau, lokacin da take hannun Jamus. Ilyas ya rabu da gida yana yaro, ya tashi a hannun Jamusawa, ya koyi harshensu, ya yi karatu. Da ya dawo sai ya tarar iyayensa sun rasu, ƙanwarsa Afiya kuma tana riƙo a wani gida a ƙauye, inda take bauta kamar baiwa. Ya ɗauko ta ya kawo ta gari, ya koya mata karatu da rubutu. Ba a jima ba yaƙin duniya na farko ya ƙarato, sai ya kai kansa rundunar askarawan Jamus, wato 'yan Afirka da Jamus ta ɗauka aikin soja, ya mayar da yarinyar gidan da ya ɗauko ta, da alkawarin ba zai daɗe ba.

Da mutanen gidan suka gane ta iya rubutu, maigidan ya ɗauki sanda ya yi mata dukan da ya karya mata hannu, domin a ganinsa 'ya mace ba ta da abin yi da alƙalami in ba aika wa maza wasiƙa ba. Ta samu ta rubuta 'yar takarda, kalmomi ƙalilan, cewa an ji mata rauni a taimake ta, ta aika wa Khalifa abokin yayanta, shi ya zo ya ɗauke ta. Ilyas bai taɓa dawowa ba. Ya ƙare a Jamus, ya mutu a sansanin Sachsenhausen na 'yan Nazi. Afiya kuwa ta yi ta jiran labarinsa shekara da shekaru, har ta sanya wa ɗanta sunansa, kuma wannan ɗan ne ya je Jamus bayan ya girma ya tono abin da ya same shi a cikin tsofaffin takardu. In aka cire Afiya, babu mai jira, babu mai cigiya, babu ma wanda zai sa a san ƙarshen Ilyas. Ban ga yadda za a kira wannan ƙaramin reshe ba.

A *Paradise*, na 1994, Yusuf yaro ne ɗan shekara 12 da mahaifinsa ya bayar jingina ga wani attajiri mai suna Aziz saboda bashin da ya kasa biya. Yaron yana kiransa kawu, sai daga baya ya fahimci matsayinsa. Masu nazari suna son bin Yusuf cikin ayarin fatake zuwa tsakiyar nahiya, kuma suna son shafin ƙarshe, inda ya ruga ya bi sahun askarawan Jamus. Amma a cikin gidan Aziz, bayan katangar lambu, akwai Amina, wadda ita ma jingina ce, daga baya attajirin ya aure ta. Yusuf ya nemi su gudu tare, ta ƙi, domin ta san babu inda macen da ke irin matsayinta za ta dosa. Shi yana da ƙafar gudu, ko da zuwa wata sabuwar bautar ce. Ita ko wannan ba ta da shi. Duk wannan ciniki da 'ya'yan mutane ya gudana ne tsakanin 'yan gari masu salla a masallaci ɗaya, tun kafin tutar Jamus ta gama kafuwa.

Misalin da ya fi damuna yana cikin littafin Ɗayyib Salih na Sudan, *Mausimul Hijra ilash Shamal*, wanda ya fito da Larabci a 1966. Duk wanda ya karanta shi yana tuna Mustafa Sa'id, haziƙin da ya je Landan ya zama masanin tattalin arziki, ya mayar da yaudarar matan Ingila wata hanyar ramuwar gayya, uku daga cikinsu suka kashe kansu, shi kuma ya kashe matarsa Jean Morris. Ana tuna ɗakinsa na sirri a ƙauyen bakin kogin Nilu, mai murhun jin ɗumi irin na gidajen Ingila a ƙasar da rana ke ƙona ƙafa, cike da littattafai babu ko ɗaya na Larabci, har Alƙur'anin da ke ciki fassarar Ingilishi ce. An yi rubuce-rubuce masu yawa a kan wannan ɗaki, kuma ya cancanta.

To amma akwai Husna bint Mahmud, matar da ya aura a ƙauyen ta haifa masa 'ya'ya biyu. Bayan ya ɓace a ambaliyar kogi, wani tsoho mai auri-saki, Wad Rayyis, ya ce sai ita. Ta faɗa da bakinta cewa idan aka tilasta mata za ta kashe shi ta kashe kanta. Mai ba da labarin, ɗan boko ne da ya yi karatu a Ingila kuma shi aka bar wa amanar 'ya'yanta, an ba shi shawarar ya aure ta ya tsamo ta, ya kasa yanke hukunci ya koma aikinsa a Khartum. Mahaifinta ya ɗaura auren, ita kuma ta cika maganarta.

A nan nake so mai karatu ya tsaya ya auna. Mustafa Sa'id ya yi kisa a Landan, aka kai shi kotu, aka tsaya masa da lauya, tsohon malaminsa ya yi ƙoƙarin kare shi, aka saurari tarihinsa, aka ɗaure shi shekara bakwai. Husna ba ta samu ko zama ɗaya da aka saurare ta ba, tana raye ko bayan ta mutu. Aka binne gawarwakin cikin gaggawa, gari ya yi gum, har abokin mai ba da labarin, wanda ake gani wayayye ne mai jagorantar manoma, ya kira ta mahaukaciya. Salih ya jera shari'ar da aka yi da wadda ba a yi ba a cikin littafi ɗaya, kuma ban yarda cewa a kan kuskure ya yi haka ba.

"Wannan ai wanke Turawa ne"

Wannan ita ce suka ta farko da na san za a yi, kuma ina ɗaukarta da muhimmanci. Masu ita suna tsoron cewa da zarar mun fara lissafa laifin gida, waɗanda suka ƙona garuruwa za su samu mafaka su ce ai dama haka suka same mu.

Littattafan da kansu sun amsa. Gurnah bai sassauta wa Jamus ba ko kaɗan. Ya kawo yadda aka murƙushe tawayen Maji Maji tsakanin 1905 da 1907 ta hanyar ƙona ƙauyuka da gonaki har yunwa ta gama da waɗanda bindiga ta bari. A *By the Sea*, na 2001, ya nuna dattijo Saleh Omar, mutumin Zanzibar, ya sauka a filin jirgin Gatwick yana neman mafaka, ba ya ɗauke da wani abin daraja sai ƙaramin akwatin katako mai ɗauke da ragowar turaren wuta, ƙanshin da ya rage masa na rayuwar da ya baro. Jami'in shige-da-fice ya buɗe ya shinshina, ya ce za a kai a gwada, akwatin bai dawo ba. Ban san wani shafi da ya fi wannan nuna yadda ake tuɓe wa baƙo mutuncinsa cikin murmushi da ladabi ba.

Sai dai wannan dattijo gudun wa ya yi? Hukumar ƙasarsa ce ta tsare shi shekaru masu yawa, matarsa da 'yarsa suka rasu yana tsare, kuma tushen masifar rigimar bashi da gida ce tsakanin iyalai biyu na gari ɗaya. Shi kansa Gurnah ya bar Zanzibar ne a ƙarshen shekarun 1960, bayan juyin juya halin Janairun 1964 da aka bi masu jinin Larabawa da Indiyawa da kisa da kora, kuma bai samu komawa ba sai 1984, inda ya ga mahaifinsa gab da rasuwarsa. Gaskiya ne mulkin mallaka ya zurfafa rarrabuwar ƙabilu a tsibirin, kamar yadda tsohon tarihin cinikin bayi ya bar nasa miki. Amma mutumin da 'yan ƙasarsa suka kora ba zai iya rubuta cewa mugunta launin fata ɗaya gare ta ba. Zalunci biyu ne suka hau kan juna, kuma faɗin na biyu bai rage wa na farko nauyi ba. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yaron da aka jinginar saboda bashi shi ne wanda zai ga rigar askar ya ɗauka mafita ce.

"Tonon silili ne a gaban baƙi"

Suka ta biyu ta fi ta farko ƙarfi, kuma zan yarda da wani sashe nata. Akwai kasuwa a Turai da Amurka ta labarin macen Afirka ko Musulma da ake zalunta, wadda ba ta samun sauƙi sai ta tsallaka teku ta yar da mayafi. Akwai marubutan da suka gane wannan kasuwa suna kai mata kaya. Wanda ya ji haushin haka yana da hujja, ni ma ina ji.

Amma akwai hanyar rarrabewa, kuma ba ta da wuya. A duba wa ya kawo ɗauki, sannan a duba ko macen tana da hankalin kanta da harshenta da kurakuranta, ko kuwa an ajiye ta ne kawai domin a tausaya mata. Wanda ya ceci Afiya ɗan garinsu ne, Musulmi, magatakardan wani ɗan kasuwa, kuma abin da ya kira shi rubutun hannunta ne. Husna babu wanda ya cece ta, kuma Salih bai nuna cewa Landan ce maganin ƙauyen ba, tunda ɗan bokon da ya dawo daga can shi ya fi kowa gazawa. Ƙari a kan haka, Salih da Larabci ya yi rubutunsa, mutanensa ya fara yi wa magana, fassarar Ingilishi sai 1969 ta fito.

Leila Aboulela, wadda ta tashi a Khartum ta koma Aberdeen ta Sukotlan, ta ma juya wa waccan kasuwa baya gaba ɗaya. A *Minaret*, na 2005, Najwa 'yar babban jami'in gwamnati ce da aka kashe bayan juyin mulki. Iyalin suka gudu Landan, dukiya ta ƙare, ta koma aikatau a gidan wasu Larabawa masu hali. A wannan baƙunta ta samu hanyar masallaci, ta sa hijabi da zaɓin kanta, ta samu natsuwar da ba ta sani ba lokacin da take 'yar gata a gida. Marubuciyar ba ta ɓoye yadda maza na kusa da ita suka ci amanarta ba, haka kuma ba ta miƙa ta ga wani Bature ya 'yanta ta ba. Ashe ana iya faɗin laifin gida ba tare da an sayar da gidan ba. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

"Ai matan ba su je ko'ina ba"

Wani abokina malamin makaranta ya kawo suka ta uku, wadda ta shafi ma'anar kalma. Ya ce gudun hijira na wanda ya bar ƙasarsa ne, don haka shigar da Amina ko Husna cikin wannan babi cakuɗa abubuwa ne.

Na ce masa: "Malam, mu da muke cewa 'ya mace 'yar gidan wani ce, mu za a koya wa wannan?" A gidan ubanta ana mata kallon mai shirin tafiya. A gidan miji ita ce baƙuwar da aka kawo, kuma kalma ɗaya tana iya fitar da ita da tsakar dare, ta bar 'ya'ya da ɗakin da ta share shekara ashirin tana gyarawa. Idan ta koma gida ta tarar an ba wani ɗakinta, zaman nata ya zama na jiran wani auren. Idan ta tafi sabon gida da ɗanta, harshenmu ya riga ya tanadar masa suna, agola, wato wanda yake cikin gida amma ba ɗan gida ba. Duk abin da masana ke nufi idan suna zancen mayar da mutum bare yana cikin wannan kalma guda.

A unguwar da na taso akwai wata mata da mijinta ya tafi ci-rani Libiya tana da goyo. Shekara ta farko saƙo yana zuwa, daga nan ya ɗauke. Ta zauna a gidan surukai, ita ba matar aure ba ita ba bazawara ba, tana surfe da wankau tana ciyar da yara uku. Ina tuna yadda take tsayawa a zaure da mayafi a baki duk lokacin da aka ce wani ya dawo daga can, ta aika yaro ya tambayo ko an ga mijinta. Da ta gaji ta kai maganar gaban alƙali domin a raba auren, sunan da ta samu a unguwa shi ne marar haƙuri. Bayan shekaru mutumin ya dawo, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, muka kewaye shi muna jin labarin Sahara da ƙishirwa da gidan yari. Labarinsa gaskiya ne, kuma ya sha wuya ƙwarai. Amma ban tuna ranar da wani ya shimfiɗa tabarma domin a ji nata ba, ni ma da nake wannan rubutu ban tambaye ta ba a lokacin.

Adabinmu ya san wannan tun da daɗewa. A *Shaihu Umar* na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka rubuta a shekarun 1930, yaron da aka sace aka kai ƙasar Larabawa ya dawo babban malami mai almajirai. Mahaifiyarsa, wadda ta bar gida ta bi sawunsa, an yaudare ta an sayar da ita baiwa a hanyar Sahara, kuma ba su sadu ba sai tana gab da mutuwa. Hanya ɗaya suka bi, shi ta kai shi ga ilimi da daraja, ita ta kai ta ga bauta. A *Alhaki Kuykuyo Ne* na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, Rabi ba ta bar Kano ba, amma ranar da mijinta ya kore ta da 'ya'ya tara saboda amarya, ta shiga halin da duk ɗan gudun hijira zai gane: neman wurin kwana, neman sana'a daga tushe, da zama a ƙarƙashin idon masu tambayar me ta yi aka kore ta. Wannan littafi da Hausa aka rubuta shi, masu karatun Hausa aka rubuta wa, sai a 2012 Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Ingilishi aka buga a Indiya. Babu wanda zai ce don Turawa aka yi shi.

Matan da suka tsallaka tekun kuma, labarinsu bai zama irin na maza ba. Marubuciyar Nijeriya Buchi Emecheta ta bi mijinta Landan a 1962, ta rabu da shi tana da ƙananan shekaru da 'ya'ya biyar. A *Second-Class Citizen*, na 1974, Adah tana yawon neman ɗakin haya a garin da ake manna takarda a taga cewa ba a son baƙaƙe, har takan sauya murya a waya domin kada a gane ta. Wannan shi ne ɓangaren da ɗalibanmu ke ja wa layi. Amma da ta kammala rubuta littafinta na farko, wanda ya jefa shi a wuta mijinta ne, kuma Emecheta ta bayyana cewa hakan ya faru da ita a zahiri. A waje ana gaya mata ba ta kai Bature ba, ta dawo ɗaki a gaya mata ba ta kai namiji ba. Sunan littafin ya ɗauki duka biyun, mu muka zaɓi ɗaya.

Maganar harshe

Suka ta ƙarshe ba ni da amsar da za ta kawar da ita, domin gaskiya ce. Yawancin waɗannan littattafai da Ingilishi suke, kuma matan da nake cewa a waiwaya su ne suka fi ƙarancin damar karanta su. Gurnah da Swahili ya tashi, amma sai bayan ya ci Nobel aka fitar da *Paradise* da harshen mahaifiyarsa, da sunan *Peponi*. Marubucin Kenya Ngugi wa Thiong'o ya daɗe da yin wannan gargaɗi, tun a 1986, cewa adabin da mutanensa ba za su iya karantawa ba ya yi hijira shi ma. Matar nan ta unguwarmu za ta gane Afiya tun daga shafin farko, fiye da yadda ni da matashin nan muka gane ta, amma babu hanyar da za su haɗu.

Wannan aiki ne da ke jiran sassan Hausa na jami'o'inmu da masu buga littattafai da gidajen rediyon da ke karanta littattafai da dare, waɗanda mata ne mafi yawan masu sauraronsu. Muna da mutanen da suka ƙware a Larabci da Hausa a Kano da Sakkwato da Zariya, muna kuma da 'yan'uwa Hausawa a Sudan, a garuruwa irin su Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, waɗanda kakanninsu suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, suka san ƙauyukan bakin kogi irin wanda Salih ya zana. Da za a tambaye ni wanda za a fara fassarawa, littafin Salih zan ce, kai tsaye daga Larabci ba tare da an bi ta Ingilishi ba, kuma zan roƙi mai fassarar kada ya taƙaita babin da tsohuwa Bint Majzub take ba da labarin daren da Husna ta mutu.